Kwanon Maƙwabta

Daren Laraba, Keffi

Alhamdulillahi, yau hankalina ya kwanta a kan Hajiya Ladi ta Angwan Iya. Tun da aka ba asibitinmu gwajin manhajar nan ta waya mai taimaka wa mutane rage ƙiba, babu wadda ta kai ta bin ƙa'ida. Kullum tana shigar da abin da ta ci, manhajar tana yaba mata, amma duk ranar awo nauyinta ƙaruwa yake, hawan jininta kuma ya ƙi sauka. Har na fara shirin gaya wa oga cewa abin nan ba shi da amfani.

Da la'asar na leƙa gidanta. Muna cikin hira sai ga kwano daga maƙwabta, waina da miyar taushe. Can kuma wani ya iso, dambun shinkafa. Ta ci wannan, ta ci wancan, waya tana gefe ko kallonta ba ta yi ba.

Na ce, "Hajiya, wannan fa, ba za ki shigar ba?"

Ta ce, "Haba 'yata, wannan ai ba abincina ba ne, zumunci ne. So kike in ƙi ci su ce gaba nake yi da su?"

Na yi dariya har da hawaye. Ashe laifin manhajar ɗaya ne, ba ta san maƙwabta ba. Gobe zan ce a ƙara mata wurin shigar da abincin da aka aiko. Hajiya kuma ta yarda ta riƙa ɗanɗanawa kawai, ta bar wa mutanen gida sauran.

Da zan tafi sai da ta cika mini kwano da wainar. Yanzun nan na cinye ta tas. Ni ma ban shigar ba.