Wuƙaƙen Kaka Mattola a Akwatin Gado

Parepare,
22 ga Sha'aban.

Daga Babban Kwamandan 'yan sandan wannan gari da kewayensa, har da tashar jirgin ruwa da kasuwar kifi.

Zuwa ga Malama Naisa jikar Mattola, ma'aikaciyar kamfanin katako a Tawau.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta hukuma, muna fatan kina lafiya, ke da abokan ɗakinki, kuma tarin nan da ƙurar katako ke sa ki ya lafa. Kada ki yi mamakin yadda muka san da tarin. Hukuma babu abin da ba ta sani ba.

Mun samu labari cewa Hajiya Rosmini maƙwabciyarku ta hau jirgin ranar Alhamis, kuma mun san bakinta zai riga ƙafarta isa wurinki. Ta bar gari kakanki yana hannunmu, don haka rabin labari ta tafi da shi. In kin fara haɗa kaya, ki kwance. In kin rubuta takardar barin aiki, ki yaga. Kaka Mattola yana gida. A daidai lokacin da ake buga wannan takarda yana zaune a baranda yana faɗa da kaji.

Ga yadda abin ya faru.

Kin san duk Sha'aban dattawan unguwarku kan kai badik ɗinsu, wato wuƙar gado ta gargajiya, gidan Puang Tahang maƙeri, a yi addu'a, a kunna turaren wuta, ya wanke wa kowa nasa da lemun tsami. Kin san akwatin da na gidanku ke ciki, wanda ake naɗewa da rawayan ƙyalle. Kin kuma san wuƙaƙen nan bakwai masu maɓalli da Kaka ya tara a shekarunsa na jirgi, waɗanda ake dannawa su fito fit, waɗanda bai taɓa yarda wani ya taɓa ba, bai kuma taɓa fita da su ko ƙofar gida ba.

To, ranar Talata da safe wani shaƙiyyi, wanda bincikenmu bai gano ba tukuna, ya cire badik ɗin ya zuba wuƙaƙen bakwai a akwatin ya mayar da ƙyallen. Nufinsa kawai ya ga fuskar Puang Tahang in ya gama doguwar addu'arsa ya buɗe akwati a gaban dattawa ya tarar da wuƙaƙen 'yan jirgi. A ganinmu dabarar ba ta da laifi. Hanya ce ta ɓata ta.

Kaka ya ɗauki akwati ya ce, "Yau kuma me ya sa ya yi nauyi?" Ƙaninki Sakka, yaro mai hankali da kyan fuska, wanda ya sauke Alƙur'ani ba tare da an dake shi fiye da sau ɗari ba, ya ce masa, "Tsufa ne, Kaka, ba akwatin ba." Suka hau ƙaramar bas.

A kusa da kasuwa jami'anmu sun sa shinge, saboda faɗan da samarin unguwanni biyu suka yi da wuƙaƙe a makon da ya wuce. Aka ce kowa ya sauko. Sajan ya ga rawayan ƙyalle ya gane, har ya kira Kaka da laƙabin girmama dattawa ya ce, "Wuce, Puang." Amma kin san kakanki. Ya ce, "A'a, ɗana, yi aikinka. Buɗe ka ga ƙarfen da ya girmi ofishinku." Ya ɗaga murya don mutanen bas su matso su gani.

Suka kuwa gani.

An ce Kaka ya daɗe yana kallon cikin akwatin. Sannan ya ɗago ya dubi ƙaninki sau ɗaya, ya juya ga sajan ya ce, "Nawa ne. Ni na zuba su da hannuna. Mantuwa ce."

A nan dole mu karanta miki doka, tunda ke ce kika yi boko a gidanku. Wanda aka kama a hanya da makami mai tsini yana iya shan shekara goma. An ware na noma, da na aikin gida, da na sana'a, da abin da ya tabbata kayan gado ne ko tsohon kayan ajiya. Badik a rawayan ƙyalle, kowa ya san gidansa a cikin dokar. Wuƙa mai maɓalli kuwa, irinta aka ƙwace a hannun samarin can. Kaka yana da shekara saba'in da takwas. Ki yi lissafin da kanki.

Kwana biyu ya yi a wurinmu. Innarku ta kawo masa burasa, shinkafar nan da ake naɗewa a ganyen ayaba, da soyayyen kifi, ya raba wa ɓarayin kaji biyu da ke ɗakin. Ba abin da ya dame shi kamar an karɓe masa hula. Mai bincikenmu, wani saurayi mai tabarau, ya ce shi yana tausayin tsoho, amma ba zai rubuta ƙarya ba. "Kayan gado a garin nan badik ne. Waɗannan ga rubutun Turawa a jikinsu. Wane kakan ne ya bar muku su, na Italiya?"

Ranar Alhamis, bayan jirgin Hajiya Rosmini ya tashi, ƙaninki ya je ya durƙusa a ƙofar Puang Tahang. Sai da ya sha zagi na tsawon tafasar shinkafa kafin tsohon ya ɗauki sandarsa.

Puang Tahang ya shigo ofis bai gai da kowa ba. Ya ce a shimfiɗa masa wuƙaƙen a tebur. Ya ɗauki mai ƙotar ƙaho ya kai hanci. Ya sa farce ya kankare bakin maɓallin. Ya ɗauki ta biyu ya yi haka. Sai ya juya.

"Mattola. Lemu ka shayar da su?"

Kaka ya dubi ƙasa.

"Da kai nake, tsohon banza. Lemu ka shayar da su?"

"Ɗan kaɗan."

"Shekara nawa?"

"Tun da na sauka daga jirgi."

Shekara ashirin da biyu ke nan, Malama Naisa. Ashe duk shekara in an dawo daga gidan maƙeri, Kaka kan ɓoye ragowar lemun a aljihu, ya zaga bayan gida da ɗan kaskon turare, ya yi wa wuƙaƙensa irin wankan da aka yi wa badik. Ba wanda ya sani, har innarku.

Puang Tahang ya buga sanda a ƙasa. "Lemu na ƙarfen badik ne, shi ke fito masa da zane! Wannan sifirin ne a cikinta mai cillo ta waje, jaki! Ka taɓa ganin an yi wa agogo wanka?" Ya tura wa mai bincike ɗaya. "Danna, yaro."

Mai tabarau ya miƙa hannu nesa da jikinsa, ya rufe ido ɗaya, ya danna. Shiru. Ya danna ta biyu. Shiru. Ta uku maɓallin ne ya faɗo a tebur ya gangara. Sai ta bakwai ce ta yi ƙoƙari. Ta leƙo a hankali kamar Kaka in zai tashi daga tabarma, ta zo rabi, ta ga 'yan sanda, ta tsaya. Sajan ya fita waje da gudu don kada a ga haƙoransa.

Mai bincike ya ce wa Kaka, "Puang, me ya kai ka wanke wuƙaƙen 'yan tasha da turare?"

Kaka ya ce, "Ba na 'yan tasha ba ne." Ya nuna mai ƙotar ƙaho ya ce ta abokin aikinsa La Paita ce, wanda igiyar ruwa ta ɗauke a gabansa a hanyar Banjarmasin. Ya nuna baƙar ya ce wani mai dafa abinci ne ya ba shi a Singafo ranar da aka aiko masa an haifi innarku. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunan mai ita. Ya ce, "Badik na kakannina ne, ban san fuskarsu ba. Waɗannan kuwa na ci abinci kwano ɗaya da masu su. Duk sun mutu. In ban wanke musu ba, wa zai wanke?"

Puang Tahang ya share hanci da gefen zaninsa ya ce, "Rubuta, yaro. Abin da aka yi wa lemu da turare shekara ashirin da biyu, kayan gado ne. Ni na faɗa. In ana so in faɗa a gaban alƙali, a aiko mini da keke."

Aka rubuta. Aka sa sharaɗi kada su sake fita daga gida, Kaka ya dangwala, aka mayar masa da hularsa. Bai yi murna yadda kike zato ba. Duk hanya yana cewa, "Ko ɗaya? Ko ɗaya ba ta fito ba?" Har yau wannan ya fi ɗaurin ci masa rai.

Saura batun shaƙiyyin.

Daeng, yayata, na gaji da wannan "mu" ɗin. Na san tun daga maganar tari kin gane. Tafiretar Pak Sudding ce, mai buga wa mutane takardu a gaban gidan waya, shi ke bugawa ina faɗa masa, kuma ya ce in gaya miki ba ruwansa. Na ari sunan kwamanda ne don kin rantse ba za ki ƙara buɗe wasiƙata ba tun wadda na yi miki ƙaryar na yi aure.

Ni ne na sauya akwatin. A cikin buhun shinkafa na ɓoye badik ɗin, Inna ta tsinto shi ran Laraba tana awo. Ba ta dake ni ba. Da ma ta dake ni.

Akwai abin da ban sa a bakin kwamanda ba. A ranar farko na kai wa Kaka ruwan alwala, na ce zan je in faɗa musu gaskiya. Ya kama wuyan hannuna ta tsakanin ƙarafa. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Ya ce, "Rufe mini baki. Tsoho da akwatin gado, ana iya sauraronsa. Saurayi da wuƙa bakwai a wannan makon, ba mai sauraronsa."  Kwana biyun nan ban iya haɗiye komai ba, ni da kika sani da cin rabon mutum uku.

Da muka dawo gida na zauna ina jiran hukunci. Ya sha kofinsa, ya ce abu biyu ne. Na farko, in je in koyi gyaran sifirin wurin mai gyaran agogo na kasuwa, har sai bakwai ɗin nan sun fito fit kafin ya mutu. Na biyu, in rubuta miki da kaina in faɗi wanda ya yi, kafin jirgi na gaba ya tashi. Bai dai ce da sunan wa zan fara ba.

Ki zauna a aikinki. Ki sha zuma saboda tarin. Inna tana gaishe ki, Kaka ya ce ki yi azumi lafiya, Puang Tahang kuwa ya yi tsaki, wanda a wurinsa gaisuwa ce. In za ki zage ni, ki rubuto da manyan baƙaƙe, kin san bokona. Zan karanta duka, ba zan tsallake ko layi ɗaya ba.

Wassalam.

Ƙaninki mai laifi, wanda ba kwamandan kowa ba ne, ko kajin gidan nan ba sa jin maganarsa,

Sakka.