Kun Cire Maƙoƙo, Ba Ku Karanta Mana Jinin Ba

Zuwa ga Babban Likita mai shugabantar asibitin da aka yi wa maiɗakina tiyatar maƙoƙo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ranka ya daɗe, ni malamin firamare ne a Kimba ta ƙasar Jega, da rani kuma ina taɓa noman albasa kamar kowa a nan. Ban ambaci sunan asibitinku ba, don ba tozarci ya sa na ɗauki biro ba; in ka karanta za ka gane gidanka. Na sha zuwa ƙofar ofishinka, kullum sai a ce kana taro ko ka yi tafiya. Shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya kai maka.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Maiɗakina tana da juna biyu, cikin bai yi ƙwari ba tukuna. Sabon sakamakon gwajin jininta yana hannuna, babu likitan da ya duba shi, an ce mu dawo bayan Babbar Sallah. Mun riga mun rasa ciki ɗaya a irin wannan jira, kuma ina jin tsoron rasa na biyu. Bari in faɗa maka yadda muka zo nan.

Na farko, ranar sallama.

Maƙoƙon ya daɗe a wuyanta tana rufe shi da mayafi, har ya kai in ta kwanta numfashi yana yi mata wuya. Likitocinku suka ce sai an cire shi gaba ɗaya, aka cire a ƙarshen damina. Yabon gwani ya zama dole: aikin ya yi kyau, ɗinkin ya warke tsaf, har yau ina yi wa wanda ya riƙe wuƙar addu'a. Amma da aka zo sallama, wata nas ta miƙo mana leda da magani iri uku: wata 'yar ƙaramar ƙwaya, wata babba mai kama da alli, da na ƙarin jini. Ta ce ɗaya-ɗaya kullum da safe, ta juya ga na gaba. Iyakar bayanin ke nan. Babu wanda ya zaunar da mu ya ce abin da aka cire ɗin yana da aikin da yake yi wa jiki, wannan 'yar ƙwayar ce za ta maye gurbinsa har ƙarshen rayuwa, kuma tana da ƙa'idar sha.

Ranka ya daɗe, a ƙasarmu ko yaro ya san ba a shan magani da yunwa. Ku da kanku kuka koya mana haka. Duk asibitin da mutum ya je sai an ja masa kunne ya ci abinci tukuna. Mahaifiyata, Inna, tana zaune tare da mu, kuma tana son surukarta fiye da yadda take sona, ba wasa nake ba. Ita ta ɗauki jinyar. Ta yi magana da wata Bafulatana daga rugar bayan fadamarmu ta riƙa kawo nono kowace safiya. Inna ta dama fura mai kauri, ta zauna a bakin ƙofa, ta zuba wa yarinyar ƙwayoyin nan uku a tafin hannu, ba ta tashi sai ta ga ta kora su da ludayi. In ta yi nawa sai ta ce, "Sha hura, ɗiyata. Ba a aza magani ga cikin wohi." Haka aka yi ta yi wata da watanni, ni kuma ina kallo ina jin daɗi, ina cewa matata ta yi dace da uwar miji.

Na biyu, "ya jiki?"

Maimakon ta murmure sai ta yi ta lalacewa. Matar da take tashi kafin kowa ta koma ba ta iya ƙare shara sai ta zauna. Fuskarta ta kumbura, gashinta ya riƙa biyo mataji, muryarta ta dishe. Ta ɗora tukunya ta manta. Wani lokaci yatsunta su ƙage, ta ce tana jin kamar tururuwa na yawo a leɓɓanta. Ka san zafin Jega. A cikinsa na ga matata lulluɓe da bargo tana rawar sanyi. Maƙwabta suka fara cewa iska ce, wasu suka ce sammu, aka yi ta kawo rubutu da hayaƙi.

Muka komo asibitinku ranar da kuka ba mu. Saboda cunkoso ba a barin miji ya shiga, sai na tsaya a baranda. Da ta fito na tambaye ta abin da aka yi. Ta ce likita ya ce ya jiki, ta ce da sauƙi, ya yi rubutu, ya ce ta ci gaba da maganinta. Ranka ya daɗe, wane ne a ƙasar nan ake ce wa ya jiki ya ce babu sauƙi? Mahaifina da safiyar ranar da ya rasu an gaishe shi ya ce da sauƙi. Gaisuwa ce, ba rahoton lafiya ba. Balle mace mai kunya a gaban baƙon namiji da kansa ke sunkuye a kan takarda. Ban ce matashin likitan nan mugu ba ne; na ga layin da ke jiransa. Amma da ya ɗaga kai ya dubi fuskarta, ya ce kina jin sanyi, kina yawan gajiya, da me kike shan maganin, da ta faɗa masa. Ba ta ƙarya, tambayarta ne ba a yi ba.

Na uku, takardar jini.

Sai da na yi ta naci aka rubuta mana gwaji. Aka ɗibi jini, muka jira, ranar karɓa aka turo mini sakamakon a cikin ambulan ta taga. Na ce wa mai ɗakin gwaji ya taimaka ya gaya mini abin da ke ciki, ya ce fassara ba aikinsa ba ne, in ga likita. Na je wajen masu kati, suka ce ranar ganin likitan maƙoƙo ta cika, sai wani zagaye. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane karatu na tsaya a tsakar asibiti riƙe da takarda kamar wanda bai taɓa shiga aji ba. Abu ɗaya na iya gani: wasu haruffa uku, TSH, lambar da ke gabansu ta zarce wadda aka rubuta a gefe nesa ba kusa ba, har an sa mata tauraro.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. A hanyar komawa na tsaya wajen wani mai kemis a unguwar Jega Magaji, wanda kowa ke kira Dakta. Ya gyara tabarau, ya duba, ya ce, "Malam, wanga abu ya hau ƙwarai. Magani ya yi mata yawa, ta dinga raba ƙwayar biyu." Maganar ta shiga hankali: abin da ya yi yawa ai ragewa ake yi. Daga ranar Inna ta ƙara wa kanta aiki, ta riƙa tsaga 'yar ƙwayar da reza kafin ta dama fura. Ba na wanke mai kemis, ya yi katsalandan a abin da bai sani ba. Amma ku kuka tura ni wajensa.

A cikin wannan hali Allah ya ba ta ciki. 'Yarmu ɗaya tak, ta kai aji huɗu, mun ma fara cire rai da samun wani. Murnar da muka yi a gidan nan, Allah kaɗai ya sani. A wajen awo aka ƙara mata maganin ƙarin jini, babu wanda ya tambayi tabon da ke wuyanta, ita kuma mayafi ya rufe shi. Lokacin cire albasa, ina kasuwar Aliero a kan buhunana, aka kira ni aka ce jini ya ɓalle mata. Muka kai ta wani asibiti da ya fi kusa. Cikin ya zube. Namiji ne, halittarsa ta riga ta fito. Aka naɗe mini shi a ƙyalle, na kai shi makwanci ni kaɗai, babu suna babu salla.

A wancan asibitin ne wata likita mace ta ga tabon, ta ce in nuna mata duk takardun da nake da su. Tana ganin lambar nan ta dafe kai. Ta ce wannan ba ma'aunin magani ba ne, kira ne da ƙwaƙwalwa take yi tana neman abin da aka cire. Ta tambayi sana'ata, sannan ta ce kamar mai gona ne yake ƙwala wa mai injin ban-ruwa kira: in ka ji kiran ya yi ƙarfi, ruwan ne bai iso ba. Wato a lokacin da jikin matata yake kukan a ƙara, mu ragewa muka yi. Sannan ta tambayi da me take sha. Da ta ji, ta ce 'yar ƙaramar ƙwayar nan da ruwa zalla ake shan ta, cikin babu komai, a dakata kafin a karya. Nono da mai kama da alli da na ƙarin jini duk suna tare ta a hanji, sai an raba musu lokaci. Ta ce macen da ba ta da wannan abu a wuya, da zarar ta samu ciki ake ƙara mata magani, a riƙa bin jininta a kai a kai. Ta yi gaskiya, ta ce ba za ta rantse wannan ne ya zubar da cikin ba, amma yana cikin abubuwan da aka san suna zubarwa. Duk bayanin nan bai kai tsawon alwala ba.

Inna tana zaune a gefen gado, ta ji komai. Tun daga ranar ba ta ƙara dama fura ba, ko tata ta sha. Na ce mata ajali ne, liman ya ce mata ajali ne, amsarta ɗaya: "Ni nak kashe shi, da ludayina." Tsohuwar da ta yi abin da ta sani mafi kyau, ita ce yau take ɗauke da kayan da ba nata ba. Wannan yana ci mini rai kusan kamar rashin yaron.

Na huɗu, inda muke yau.

Mun gyara shan magani, ta ajiye bargo, muryarta ta dawo. Likitar nan ta ce daidaita yawan ƙwayar aikin asibitinku ne, tunda tarihinta yana wajenku. Da muka tabbatar Allah ya sake ba mu, washegari muka zo. Aka yi gwaji, aka sake turo ambulan ta wannan tagar. Lambar ta hau kuma. Yanzu na san ma'anarta, kuma sanin ya fi rashin sanin ciwo: na san maganin bai isa ba, ban san nawa za a ƙara ba, ba zan yi cinta da ran ɗana ba, ba kuma zan koma kemis ba. Na roƙi mai kati, na ce masa juna biyu gare ta. Ya ce kowa a layin nan da uzurinsa, bayan Babbar Sallah. Ranka ya daɗe, na yi lissafi. Kafin lokacin cikin zai kai daidai inda wancan ya zube.

Don haka ina roƙon ka, don Allah da darajar aikin da ka yi rantsuwa a kansa:

Ka sa likita ya duba wannan sakamako a cikin makon nan, ya gaya mana yawan da za ta sha. Ko a tsaye ne, ko a baranda.

Kada a ƙara miƙa wa mara lafiya sakamakon da aka sa wa tauraro ta taga a ce ya tafi gida. In abin ya isa a yi masa alama, ya isa a yi masa bayani a ranar.

Duk wanda aka cire wa maƙoƙo, a zaunar da shi kafin sallama a yi masa bayani da Hausa ko Fulatanci, kuma a kira wadda za ta yi jinyar, don a gidajenmu ita ce mai ba da magani, ba wanda ya sa hannu a takarda ba. Mata masu maƙoƙo suna da yawa daga nan har Sarandosa, kuma kowace tana da tsohuwa mai son ta da ƙwaryar fura.

Masu juna biyu a cikinsu a ba su hanya ta dabam, ciki ba ya jiran zagaye.

In kuma da hali, ranar da muka zo zan taho da Inna. Wani mai farar riga ya dube ta ya ce mata ba laifinta ba ne. Tawa ba ta ji, wataƙila ta ji taku.

Na san abin da na yi ba al'adarmu ba ce. Namiji ba ya tallar cikin matarsa, balle wanda bai fito ba. Ko 'yan uwanta ba su sani ba tukuna. Kafin in aika na karanta mata wasiƙar daga farko har ƙarshe, na ce in tana so zan cire wannan maganar. Ta gyara mayafinta. Sannan ta ce, "Bar shi, Malam. Kowa shi ji. Kunya ta ci min guda, ba ni ba ta na biyu."

Allah ya taimake ka a kan wannan nauyi, ya ba ka mataimaka masu tausayi, ya tsare iyalinka. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka riƙe takardar jinin naka ka rasa mai karanta maka.

Wassalam.

Naka,
Malamin firamare daga Kimba, ƙasar Jega.