Na Sa wa Allunan Kawu Farashi

Kawu Ɗalha,

Gaisuwa daga Alƙahira. Yaya Inna da mutanen Gumel? Ina lafiya, sai dai an rufe shagon da nake aiki. Kada Inna ta ji.

Tun da aka nuna allunan zayyanarku a talabijin, jama'a ke tururuwa zuwa shafin intanet da na buɗe muku, amma ba mai saya, don kun hana a rubuta farashi. Kun ce zubar da mutunci ne. Kawu, nan da mako guda za a manta da mu.

Ku gafarce ni, jiya na rubuta. An sayi allo biyu. Idan kun ce in goge, zan goge.

Allah ya ƙara girma.

'Yarku,
Lauratu