Ƙarar Murfin Langa a Zaurenmu

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a yi min a hankali, don duk abin da za ku faɗa min na riga na faɗa wa kaina a kan sallaya.

Ƙarar murfin langa ce mafarin komai. Maigidana yana noman rani a bakin kanal, wajen Bunkure, ni nake dafa wa ma'aikatansa abincin rana. Bara ya ɗauki wani bawan Allah, zan kira shi Malam Idi, wanda injin ban ruwa ya taɓa kamawa da wuta a jikinsa. Rabin fuskarsa ya narke ya haɗe da wuya, kunne ɗaya babu, yatsunsa uku na dama a manne. Yaran unguwa Dodo suke ce masa. Sauran ma'aikatan suka ce ba za su haɗa hannu da shi a kwano ɗaya ba, sai maigidan ya ce in riƙa zuba masa nasa daban. Na ware masa wata koriyar langa. Kullum bayan la'asar shi yake dawo da kwanuka zaure, kuma saboda hannun nan bai taɓa iya ajiye langar shiru ba, sai murfin ya yi ƙara. Ranar farko na leƙa ta labule in ga abin da ya faɗi, sai na ga fuskar. Na jira tsoro ya zo, bai zo ba. Abin da ya zo kunyar rubuta shi nake ji: so na yi in ɗora tafin hannuna a kan tabon nan.

Wace irin zuciya ce wannan? Mijina lafiyayye ne, kyakkyawa, bai rage ni da komai ba. Amma da na zauna na yi tunani, abin tsoho ne a jikina. Muna yara in kakarmu tana mana tatsuniya aka zo wajen kashe dodo, 'yan uwana murna suke yi, ni kuwa kuka, ina tambayar wa yake dafa masa tuwo a dajin. Ta ce min, "Ke dai Allah ya shirye ki." Ashe da gaske take.

Na fara zaɓar masa tsokar da ta fi laushi. Na fara duba inuwar katanga ina jiran la'asar. Sau ɗaya tak muka yi magana, labule a tsakaninmu. Na ce, "Malam, gishirin bai yi yawa ba?" Ya yi dariya ya ce, "Uwargida, harshena kaɗai wutar ta bar min lafiya, da ya yi yawa da na sani. Allah ya saka da alheri." Ranar har na sallame sallar magariba ban san raka'a nawa na yi ba.

Nan na tsorata da kaina. Maimakon in rufe labulena in kama istigfari, sai na ce wa maigidan 'yarmu Nana, mai shekara biyar, tana firgita duk ranar da ta ga mutumin. Ya ce, "Nana? Ita da take tare shi a zaure da surutu?" Na ce, "Ka san yara, sai daga baya abin yake taso musu." Sai ya ce, "To, ba zan bari a firgita min 'ya ba." Ana tsakiyar tsinkar tumatir ya sallame shi. Maganar ta fita, ta zama wai ganin fuskarsa yana sa yara ciwo. Yanzu na ji an ce daga nan har Kura babu mai ɗaukarsa aiki, ga shi da tsohuwa a gida. Mutumin da ko fuskata bai taɓa gani ba.

Langar tana nan a kan kantar kwanuka, na kasa zuba komai a ciki. Amma wallahi duk la'asar sai na ji murfin ya yi ƙara a zaure, in fita in tarar babu kowa.

In na ce wa mijina ƙarya na yi, zai tambaye ni dalili, kuma ba ni da amsar da aurena zai ɗauka. In na yi shiru, haƙƙin bawan Allah yana wuyana. In kuma an dawo da shi, wa zai tsare ni daga labulen nan? Me zan yi? Lokaci ma ba ni da shi, don jiya Nana ta same ni tsaye a zaure, ta kama zanena ta ce, "Umma, yaushe Malam Idi zai dawo? Zan gaya wa Abba ni ba na tsoronsa. Ke ma ai ba kya tsoronsa, kullum ina ganinki kina leƙensa."