Ƙofar da Na Kulle Ranar Kirsimeti

Lahadi, 9 ga Disamba
Ɓarayi sun shiga gidan tsohuwa Zagorka a ƙarshen gari. Sun ɗaure ta a kujera, sun kwashe talabijin da injin yankan itace. 'Yan sanda sai da rana ta ɗaga suka iso. Muna dawowa daga coci na ce wa ɗana Vukashin ya sauko da bindigar farautar ubansa daga kan ƙusa. Ƙato da gemu, amma ya riƙe ta kamar an miƙa masa maciji. Wai, "Mama, ni fa ban taɓa harba ta ba." Na ce gidan da ba bindiga gidan da ba namiji ne. Da mijina Obrad na raye, wa ya isa ya leƙo shingenmu?

Alhamis, 13 ga Disamba
Wai zai riƙa zuwa ƙungiyar mafarauta a birni ranakun Asabar, su koya masa, a kuma mayar da lasisin da sunansa. Na ce ubanka wace makaranta ya shiga? Yaran yanzu ko tari sai an ba su takarda. Wa zai ba shanu ciyawa yana can yana harbin gwangwani? Ya juya ya tafi wurin shanun. Halin nan nasa ke cin raina.

Talata, 18 ga Disamba
Na sa ya ɗura mata harsashi ya jingine ta kusa da gadonsa. Ɓarawo ba ya jiran ka nemo makulli.

Lahadi, 23 ga Disamba
Milisav ya shigo shan kofi. Shi ya riƙe Vukashin ranar baftisma, kum ɗinmu ne, wato uban baftisma, bayan Allah sai shi. Kunnensa ya ƙara mutuwa, sai an yi ihu. Ya hango bindigar ya ce, "Radoika, yaƙi za ki tafi? Wannan yaron ko kaza sai ya ba ta haƙuri kafin ya yanka." Na ce ya sha kofinsa. Bana ma shi zai zama baƙon farko na safiyar Kirsimeti, kamar kullum. Ƙafarsa tana da albarka.

Lahadi, 6 ga Janairu
Jajiberen Kirsimeti, don a cocinmu ranar 7 ga Janairu ake yin ta. An shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasa, itacen Kirsimeti na ci a murhu. Tun kakanninmu ba a kulle ƙofa a wannan rana, don baƙon farko ya tura ya shigo ya watsa mana alkamarsa ta albarka. Bana na kulle, na sa sakata. Al'ada ba ta hana ɓarawo shiga.

Litinin, 7 ga Janairu
Ba zan iya ba.

Laraba, 9 ga Janairu
Zan rubuta sau ɗaya, shi ke nan.
Gari bai gama wayewa ba muka ji ana murɗa hannun ƙofa, ana dukanta da kafaɗa. Milisav ne. Ya yi sammako don zai wuce wurin 'yarsa a birni, ya ɗauka ƙanƙara ce ta riƙe ƙofar. Mu ba mu sani ba. Vukashin ya fito da bindiga, yana ta "Waye? Waye?" Kurma zai amsa? Ni kuma ina bayansa, ina faɗin abin da na faɗa. Daga baya Vukashin ya ce bai san ya ja ba, yatsarsa dama tana kan kunamar. Harsashin ya fita ta cikin katakon ƙofar.
Da na zare sakata, alkama ce warwatse a kan ƙanƙara, ja. Yana kwance yana kallona, ya ce, "An haifi Almasihu, Radoika." Gaisuwar da ya zo yi ke nan.

Asabar, 12 ga Janairu
Milisav ya rayu. Hannunsa na dama ne likitoci suka kasa ceta. 'Yan sanda sun tafi da bindigar, sun tafi da yarona. Ɗaya ya tambaye ni wa ya koya masa riƙe ta. Na ce ɗan Obrad ne. Ya ce, "Iya, ba a gadon wannan."

Lahadi, 20 ga Janairu
Sun sako shi kafin zaman kotu. Ba ya ci. Yana wuni a garken shanu. Ban je coci ba, ciwon ƙafa.

Juma'a, 25 ga Janairu
Ina share rumbu na ci karo da akwatin ƙarfen Obrad, da kwaɗo. Sauran harsashinsa ne a ciki. Sai na tuna, kullum bindiga a ɗaki, harsashi a rumbu. In kare ya yi haushi, tocila yake ɗauka ya leƙa ta taga. Na sha yi masa dariya a kan haka.

Laraba, 6 ga Fabrairu
Na kai wa Milisav miyar kaza. Yana fama da cokali da hagu, rabi a rigarsa. Ya gaya wa mai bincike ba ya neman komai a kan Vukashin, ɗansa na baftisma, amma hukuma ba ta san kum ba. Ya ce, "Ki turo min shi, in ba haka ba in zo in jawo kunnensa. Hannu ɗaya ya isa." Sannan ya ce, "Baɗi ma ni ne baƙon farko. Sai dai ki bar ƙofa." Na ce miyar za ta huce.

Lahadi, 17 ga Fabrairu
Kotu sai watan gobe. Jiya na hau bas na kai akwatin Obrad ofishin 'yan sanda, don yana cinye wuri a rumbu. Yau bayan coci Milka maƙwabciyata ta ce ɗanta zai sayi bindiga, me na gani? Maganar nan tawa ta gidan da ba bindiga ta zo har bakina. Na ce ya fara zuwa wurin mafarauta ranar Asabar, ya kuma sayi tocila mai kyau. Ta tsaya tana kallona.
Vukashin ya ci burodi kaɗan. Ya ce zai cire ƙofar ya sa sabuwa, kada in riƙa ganin ramin. Na ce ya bar ta. Katako ya yi tsada bana.