Ƙarar Makullai a Ramin Tsawa

Marlow Falls,
Talatar ƙarshen Nuwamba.

Zuwa ga Yayata Penina,

Gaisuwa mai yawa irin ta ƙani ga yayarsa, tare da addu'ar wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Uelese da duk wanda ke kwana ƙarƙashin rufinku. Ina roƙon Ubangiji ya sassauta wa Mama ciwon gwiwa, ya kuma kare tsibirinmu daga guguwar wannan damina. Na ji an gama buga sabon kwanon coci, wai kuma Uelese ne ya hau can ƙololuwa da furfurarsa. Ki ce masa na ce ya bar wa samari tsani. Mu nan lafiya lau. Matata Darlene na gaishe ki, ta ce gwazar da kika koya mata dafawa da madarar kwakwa har yanzu ba ta kama ƙafar taki ba, amma dai ta daina ƙonewa. Sanyi ya sauka, an girbe masara, gonaki sun zama fetal har inda ido ya ƙure.

Ranar Asabar da kika kira ni, na ce miki layi ba kyau, ki bari zan rubuto. Yaya, layi lafiyarsa ƙalau. Bakina ne ya yi nauyi. Kin gaya min kun tashi tun da sassafe kun cika falo, har da Mama, sai gidan talabijin ya ɗauke wasanmu na ƙwallon karo, wanda ake rungumar ƙwallo a gudu ana kayar da mai ita, ya koma wani, saboda tazarar maki ta yi yawa. Kika ce ba komai, ai idonki na cikin fili. Ni kike nufi. Tun ranar da ɗanki Siaki ya sauka garin nan da akwatinsa kika ɗora min wannan amana: kika ce duk ranar da ƙafarsa ta taka fili, in kalla da idona in ba ki labari, kuma ba ki son labarin jarida, labarin kawu kike so. To, ga shi zan ba ki, kuma ba zan yi masa kwalliya ba.

Sai na fara da filin kansa, domin ni ne na cika miki kunne da shi. Kin san ana ce masa Ramin Tsawa. Lokacin da nake teburin wasanni a jaridarmu, kafin a mayar da ni labaran gona, na sha rubuta cewa babu wajen da baƙi ke tsoro kamarsa, na kuma maimaita zancen da kowa ke yi, wai ihun 'yan kallo ya taɓa tsaga gilashin laburaren jami'a. Ban taɓa samun wanda ya ga gilashin ba. Na turo miki waɗannan rubuce-rubuce, kika manna su a bango, Siaki ya tashi yana karanta su. Wata ƙaramar makaranta ta so ta ɗauke shi ya riƙa buga wasa kowane mako, ya ce shi sai Ramin Tsawa. A nan kuwa ya yi shekarunsa yana shan karo a wajen atisaye daga Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar kuma ya tsaya bakin layi da kwalkwalinsa a hannu.

Ranar ita ce wasansu na ƙarshe a gida, ranar da ake karrama 'yan ajin ƙarshe, kowa ya fito da iyayensa kafin a fara. Masu talabijin ne suka yanke a buga da tsakar rana, kuma makarantar da aka gayyato ƙarama ce, irin wadda ake kira don a ci ta. Na sa rigata mai furanni a kan rigar sanyi, na ɗauki sarƙar alewar da kika ɗinka da hannunki. Aka kira sunansa, muka fito ta ƙofar 'yan wasa kafaɗa da kafaɗa. Na ɗaga kai don in ga tsawar nan da na daɗe ina rubutawa, sai na ga kujeru. Kujeru jere bisa jere har sama, da mutane jefi-jefi kamar haƙoran tsoho. Jama'a suna can waje a filin ajiye motoci, an buɗe bayan motoci ana gasa haƙarƙari ana sha, hayaƙinsu ne kawai ya shigo ya tare mu. Na rataya masa sarƙar, na sumbaci goshinsa a madadinki. Tafin da muka ji daga lasifika ya fito, domin sun tanadi naɗaɗɗen tafi don irin wannan lokaci. Siaki ya sunkuyo ya ce min kada ka damu, Kawu, za su shigo, haƙarƙari ne bai nuna ba.

Sun shigo kuwa, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Wanda nake zama kusa da shi shekara da shekaru, Orville, tsohon mai sayar da taraktoci, ya zo da miya a gemu yana tsokanata, wai yau dai ɗan 'yar'uwata zai ɗumama mana benci ɗumamawar bankwana, ya kamata jami'a ta ba shi bencin ya tafi da shi gida. Na ce masa ko benci ne ai ya fi shi motsi. Muka yi dariya, aka fara. Sai ka ga babban allon lantarki ya rubuta a yi ihu, mutane su yi na ɗan lokaci, allo ya mutu su ma su mutu. A buga kaɗan, a tsaya don talla. 'Yan badujala su ɗaga ƙaho za su busa, sai a danne su da waƙar lasifika. Wata mata a gabanmu ta juyo ta roƙi wani saurayi ya zauna, wai tsayuwarsa da ihunsa sun hana ta jin abin da ake faɗa mata a waya. Ɗalibai kuwa, waɗanda su ne zuciyar fili, da aka tafi hutun rabin lokaci rabinsu ba su dawo ba. Na zauna ina kallon wannan duka da idon ɗan jarida, ina ƙirga laifin mutane, ina jin na fi su.

Akwai wata al'ada tamu a nan da ban taɓa ba ki labarinta ba. Idan aka shiga zango na ƙarshe kuma baƙi sun sha kashi, kowa yakan zaro makullan motarsa ya ɗaga yana kaɗawa. Ma'anarta, ku je ku ta da motarku, ku kama hanya. Idan fili ya cika, ƙarar takan yi kamar ruwan sama a kan kwano. Da aka shiga zango na huɗu, wato na ƙarshe, mun yi musu nisa, Orville ya zaro nasa. Na ɗauka kaɗawa zai yi, sai ya miƙe yana naɗe bargonsa, ya ce, Aukuso, tashi mu riga cunkoso, in ka tsaya ƙarshe sai gemunka ya tsiro kafin ka fita daga filin motoci. Bai ja hannuna ba, Yaya. Ni da kaina na yi lissafi. Na ce na yi abin da ya kawo ni, sarƙa na wuyansa, yatsuna sun ƙage don sanyi, kuma kocin nan bai taɓa sa shi ba, ba yau zai fara ba. A garin nan babu abin da mutum ke alfahari da shi kamar ya ce ya riga cunkoso. Ana faɗarsa a coci kamar wanda ya ci jarrabawa. Na zauna cikinsu har ciwon ya kama ni ban sani ba. Na bi Orville, muka shiga motata da muka zo da ita.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na fi kowa sanin yadda abin yake. Na yi shekaru ina rubuta wasan nan. Yaran benci ba sa shiga sai an yi tazara, kuma tazarar ita ce ke korar 'yan kallo. Wato lokacin da nake ganin babu sauran abin kallo, shi ne kaɗai lokacin da na zo dominsa. Muna kan babban titi, hanya fayau, Orville na yaba mana dabara, na kunna rediyo. Mai sharhi ya ce sabon yaro ya kayar da mai ƙwallo, ya yi tuntuɓe da sunan sau biyu, ya ce Sayaki, ya ce Shaki, sannan ya haƙura ya kira lambarsa. Orville ya ce ko mu juya. Na duba ɗaya hannun titin, babu wanda ke komawa. Kafin mu kai mararraba aka busa tashi.

Daga nan zuwa wayewar gari na tsara miki labari a kaina, kuma ya yi kyau. Sana'ata ce. Ina da muryar mai sharhi, ina da sakamakon da ke shigowa ofishinmu, zan iya sa miki har launin sararin sama, kuma babu wanda zai kama ni. Da wannan niyya na je coci ranar Lahadi, na rera waƙa da ita a cikina.

Bayan coci Siaki ya zo cin abincin Lahadi kamar yadda ya saba, sarƙar na wuyansa, ya cinye rabin alewar. Ya ci gwaza faranti biyu, ya gaya wa Darlene ta kusa kamo ki, ita kuwa ta ce masa ya daina ƙarya da bakin da ya fito daga coci. Sannan ya juyo gare ni da fara'a, ya ce da koci ya kira shi ya ruga cikin fili, ya ji makullai na ƙara ko'ina, ya ce a ransa na Kawu na ciki, shi ya sa ƙafarsa ba ta yi rawa ba. Yaya, makullan da ya ji na masu fita ne. Na ajiye cokali na gaya masa gaskiya, cewa lokacin da yake shiga fili nawa makullin yana jikin mota.

Bai yi mamaki ba, kuma wannan ne ya ƙarasa ni. Ya sunkuyar da kai, ya ce ya sani. Ya ce tun zuwansa garin nan, duk ranar wasa yakan ɗaga kai ya nemi rigar furanni a sama ta hannun dama, ya san kujerata kamar yadda ya san gadonsa. Da ya kayar da mutumin ya tashi, can ya fara duba. Ya ce maganar makullai ya yi ta ne don in samu abin da zan gaya miki. Ki duba fa, yaron da aka ba ni riƙo shi ne ya ƙirƙiro ƙarya don ya rufa min asiri. Rana ba ta ƙarya, an ce, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma ranar ni ne uwar ɗiya.

Darlene ta fara tattara kwanuka don ta samu abin yi. Sai Siaki ya miƙe, ya ce tunda ke idon Kawu kike jira, to Kawu ya gyara zama. Ya ture tebur gefe, ya jawo babbar kujerata tsakiyar falo, ya ce wannan ita ce ƙaton da ya tare shi, sai dai ƙaton ya fi ta wari. Ya miƙa wa Darlene burodi ya ce ta rungume, ita ce mai ƙwallo. Ta ce in ya karya mata ƙugu za ta kai ƙararsa har gabanki. Ni kuma ya zaunar da ni a kan matakalar bene, sama ta hannun dama.

To ga abin da idona ya gani. Ɗanki ya durƙusa, hannu ɗaya a ƙasa, bayansa a miƙe, idonsa kan burodi. Ya yi kamar zai bi ta hagu, kujera ta yarda, sai ya doke ta da kafaɗa ya zame ta dama. Darlene ta taho da gudunta na tsofaffi tana ihu, bai bari ta kai ko bakin darduma ba, ya ɗauke ta cak ya ajiye a kan kushin kamar ƙwai. Sannan ya tashi a hankali, ya bugi ƙirjinsa daidai inda sarƙarki take, ya ɗaga kai sama ta hannun dama. Wannan karon akwai mutum a wurin. Hannuna ya tafi aljihu da kansa, na zaro makullai zan kaɗa masa. Ya girgiza kai, ya ce a'a Kawu, mayar da su, makulli na mai tafiya ne. Sai na mayar, na cika ƙirjina, na saki kururuwar nan tamu ta gida wadda Baba ke yi idan kwale-kwalen ƙauyenmu ya ci tsere, wadda rabona da ita tun ina saurayi. Muryata ta fashe a tsakiya, shi ya ɗauke ta ya ƙarasa. Karnukan unguwa suka ɗauki haushi, gilashin tagar kicin ya yi rawa. Wannan gilashin dai na gan shi da idona.

Iyakar abin da nake da shi ke nan, Yaya. Na fili ya wuce ni, ba zai dawo ba, kuma ban nemi ki ce ba komai ba, domin da komai. Ki yafe min idan zuciyarki ta sauko. Ki karanta wa Mama takardar duka, kada ki tsallake wurin mota. Rubuce-rubucen nan nawa da ke bangonki kuma, ki cire su, ki bar wurin. Akwai hoton da Darlene ta ɗauka bayan ta tashi daga kushin, shi da kujerar da ya kayar, yana cikin ambulan ɗin nan.

Ki miƙa gaisuwata ga Mama tare da durƙusawa, da Uelese, da Gwaggo Malae, da Talalelei da amaryarsa, da Fasto Iosefa da dukan 'yan ƙungiyar waƙa. Siaki ya ce in gaya miki alewar ta yi kaɗan. Ubangiji ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki mai sunkuyar da kai,
Aukuso