Wutar da Ta Tashi a Ramin Waya

Majidaɗi, Jalingo
4 ga Afrilu

Aminina Tobias,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Alisabatu da jikoki. Yaya ciwon gwiwar? Yaya gonar doya? Tun da ka yi ritaya ka koma Zing, ka ce waya ba ta kamawa a wajenku, ka mai da ni ɗan makaranta, sai in rubuta in ba direba.

Ni dai raina a ɓace yake. Saura wata huɗu in ajiye aikin duba-gari, shekara talatin da biyar babu takardar tuhuma ko ɗaya a fayil ɗina, kai shaida ne. Sai yanzu layin gidana ke neman kunyata ni. Wani kamfani ya zo da izinin hukuma zai binne wayar intanet. Suka haƙa rami daga bakin titi har masallaci, ya datse mashigar layin, suka kwashe shebur ɗinsu suka ɓace. Sati bakwai ke nan motar shara ba ta shigo ba.

Ka tuna Hajja mai masa, wadda kake cinye mata ta ɗanɗano? Bola ta kusa taɓa rumfarta, ƙuda ya kori masu saye. Na je sashen ayyuka, suka ce su rami suka sani. Na je sashenmu na lafiya, suka ce su shara suka sani, a rufe rami tukuna. Bango ɗaya ya raba ofisoshin nan biyu, Tobias! Takarda huɗu na rubuta, ko amsa. Matan layi kuwa in na wuce da kakina sai su toshe hanci, kamar ni ne bolar.

Ga damina a bakin ƙofa. Ka gaishe da mutanen gida.

Naka,
Yuguda

Majidaɗi, Jalingo
28 ga Afrilu

Aminina Tobias,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na gode da doyar, ta iso. Amma wallahi ban iya ci ba.

Na yi ɓarna. Ranar Asabar ta tsaftar gari, yara biyu a layin suna kwance da gudawa, na ga ba zan ƙara jira ba. Sai na tuna yadda ni da kai muke yi a da idan motar shara ta lalace: a samu rami, a zuba, a cinna wuta, a rufe. To ga rami har ƙofar gida. Na leƙa, yashi kawai na gani. Na tara maza da baro, muka ture bolar nan duka a ciki, ni da hannuna na kyasta ashana. Har guɗa mata suka yi mini.

Ba a jima ba hayaƙin ya koma baƙi, yana warin roba. Ashe satin da na tafi ta'aziyya garin Mutum Biyu, 'yan kamfanin sun dawo sun shimfiɗa wayar, suka yafa mata yashi bai fi taƙi ɗaya ba, wai sai kankare ya iso su rufe. Mutanen layi sun ɗauka na sani, tunda ni ne hukuma. Taswirar aikin kuwa tana cikin durowa a sashen ayyuka, bayan bangon nan da na gaya maka. Wayar ta narke har masallaci, kuma ita ce za ta kai asibitin unguwa.

Ina jin haushinsu, amma haushin kaina ya fi. Da na sa sanda na tona yashin nan, da shi ke nan. Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Yuguda

Majidaɗi, Jalingo
9 ga Mayu

Aminina Tobias,

Ina fata kun tashi lafiya, da fatan ruwa ya sauka a wajenku.

Kada ka yi dariya. An kafa kwamitin bincike, kuma ni aka ba aikin gano wanda ya sa wutar, saboda ni ne duba-garin unguwar, kuma wai an san ni da gaskiya. A zaman farko ne na ga shugaban sashen ayyuka da namu a ɗaki ɗaya. Sai da waya ta ƙone suka san juna.

Injiniyan kamfanin, wani Siddiq, ya zagaya layin yana tambaya. Babu wanda ya buɗe baki, har yara. Da ya rasa, sai ya nuna murhun Hajja da ke dab da ramin, ya ce garwashinta ne. An yarda a rushe rumfarta a tashe ta daga wurin, sa hannuna kawai ake jira. Hajja ta aiko jikarta Fiddausi, wadda ke koyarwa a firamare, wai in sa hannu, ita Hajjar ta tsufa, ni kuwa sunana ya fi rumfa. Wannan saƙon ya fi zagi yi mini ciwo. Marayu uku take ciyarwa da tandar nan.

Jiya na rubuta rahoton, shafi biyu. Na sa ranakun takarduna huɗu da ba a amsa ba, na sa sati goma na shara, na sa taswirar da ke durowa. A gurbin mai laifi na rubuta Yuguda Hammanjoda, duba-gari. Yau takardar tuhuma ta iso. Ka ga, wannan kwana ɗaya ta yi a hanya.

Af, an rufe ramin, motar shara ta shigo da safiyar nan tana ta hon. Ba ta sami abin kwashewa ba. Direban ya tsaya ya sayi masa wajen Hajja.

Ka ware mini kunya biyu a gefen gonarka, wataƙila in zo kafin wata huɗun. Gaisuwa ga Alisabatu.

Naka har kullum,
Yuguda